Ɗana yana son wuƙar balisong: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Houston, jihar Texas, amma wata mai zuwa aiki zai mayar da mu California. Ɗana ɗan shekara 16 ya dame ni da zancen wuƙar nan mai mariƙi biyu da yara ke wulwulawa tsakanin yatsu, wadda ake kira balisong ko wuƙar malam-buɗe-littafi. In saya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Madalla da ka tambaya tun kuɗi bai bar aljihu ba, domin a Amurka kowace jiha da tata dokar wuƙa.

A Texas babu wata matsala sosai. Tun 2017 abin da doka ke dubawa shi ne tsawon ruwan wuƙar: sai ya wuce inci 5.5 ake hana shiga wasu wurare da ita, balisong kuwa yawanci inci 4 ce ko kusa da haka.

California ce damuwata. Tun 1989 kotu a can ta yanke cewa balisong tana cikin wuƙaƙen da ke buɗe kansu. Idan ruwanta ya kai inci 2, sashe na 21510 na dokar laifuka ya haramta yawo da ita a jiki, ko ajiye ta a cikin mota inda direba ko fasinja ke zama a bainar jama'a, ko sayarwa, ko ba da aro, har ma da ba da ita kyauta. Ka ga kenan kai uban da ka miƙa wa ɗanka kana iya shiga ciki. Hukuncin na kaiwa ɗaurin wata 6 ko tarar dala 1,000. Ajiyewa a gida kawai ba laifi ba ne, amma wane yaro ne zai kulle abin wasansa a durowa?

Kada kuma ka yi odarta daga Filifin, inda asalinta yake, domin jami'an kwastam na iya ƙwace ta a hanya.

Shawarata, saya masa ta koyo. Siffa ɗaya, nauyi kusan ɗaya, amma ƙarfenta dakusasshe ne mai huji-huji, ba kaifi ba tsini. Wulwulawar yake so, ba yanka ba, kuma yatsunsa za su tsira. Ita ma ka ja masa kunne: kada ta je makaranta, kada ta shiga jakar hannu ranar da za ku hau jirgi.