Kafin ka taso, ka buɗe tsohon hannun gem tukuna

Ƙanena na ga saƙonka, kace kana neman gurbin karatun injiniyan lantarki a nan waje kuma kana tambaya me ya kamata ka fara koya kafin biza ta fito. Toh ni dai shawarata ka samo tsohon hannun gem da multimita (mitar auna lantarki) da sukudireba, ka kwance shi ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ka zana yadda aka haɗa su da hannunka, domin a dakin gwaji nan za a miƙa maka fanel ne ace gano yadda yake aiki, haddar littafi bata ceton mutum a wajen.

Fara da na Atari 2600 wanda ya fito 1977. Ciki babu aisi (IC, ɗan guntun baƙin nan mai ƙafafu da ke sarrafa lantarki a kan fanel) ko ɗaya wallahi, makunnai biyar ne kawai, filoginsa mai ƙafa 9, ƙafa ta 1 sama, ta 2 ƙasa, ta 3 hagu, ta 4 dama, ta 6 maɓallin harbi, ta 8 kuma GND, wato ground, wayar da duka makunnan ke haɗuwa da ita in an danna su. Sa mitar a wajen da take ƙara in waya ta haɗu, ɗora tsinke ɗaya kan ta 8, ɗayan kuma ka riƙa taɓa sauran ƙafafun da shi, ka tura sandar, zaka ji wacce ƙafa ta amsa.

In ka gama sai ka koma na NES, tsohon gem ɗin Nintendo, nan ne daɗin yake. Maɓalli 8 ne amma waya 5 kacal ke aiki, kaga dole akwai dabara. Aisi ne guda mai lamba 4021, na'urar gem ɗin tana taɓa waya ɗaya sai ya kama halin duka maɓallan lokaci guda, sannan tana bugun wata wayar yana sako su ɗaya ɗaya ta waya ta uku, A, B, Select, Start, sama, ƙasa, hagu, dama, kuma wanda aka danna sifili yake bayarwa ba ɗaya ba, wannan yana rikita mutane sosai. Haɗa shi da Arduino (ƙaramin fanel da ake rubuta wa shiri) a 5V ka rubuta ɗan shirin da zai karanto su.

Dan Allah karka fara da neman zanen a intanet, yi naka tukuna sannan ka gwada su. Kuma ka kula da lambobin ƙafafun filogi, in ka kalle shi ta baya suna juyewa, ka rubuta a takardar ta wane gefe ka kalla kafin ka turo min in duba.