Ɗana ya shiga harkar Yahudawa a Amurka, shin tarko ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Zariya. Ɗana yana karatu a Amurka, shekara biyu ke nan. Watannin baya wasu suka yi rubutun zagi a bangon masallacin da suke salla, suka farfasa tagogi. Ya ce min waɗanda suka fara zuwa jaje Yahudawan unguwar ne, har lauyan wata ƙungiyarsu ya raka liman wajen 'yan sanda. Tun daga nan yake zuwa tarukansu na kare haƙƙin jama'a. Da na faɗa wa yayana sai ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wai duk shiri ne, akwai littafin sirri da dattawansu suka rubuta kan yadda za su mallaki duniya, wannan taimakon kuma ƙugiya ce. Ga abin da muke gani a Gaza. Wallahi barci ya gagare ni. In ce ya fita harkarsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare yaron. Abin da ɗanki ya gani a ƙofar masallacinsu ba sabon abu ba ne a Amurka. A watan Janairun 2017 aka ƙone masallacin garin Victoria da ke jihar Texas, sai Yahudawan garin suka ɗauki makullin wurin ibadarsu suka miƙa wa Musulmi don su sami inda za su yi salla. A shekarar ce kuma ƙungiyar HIAS, wadda Yahudawa suka kafa don taimakon 'yan gudun hijira, ta shiga cikin waɗanda suka maka gwamnatin Trump a kotu kan dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga ƙasar.

Wannan hali yana da asali. A 1913 aka yanke wa wani Bayahude mai suna Leo Frank hukuncin kisa a birnin Atlanta bisa zargin kashe wata yarinya 'yar shekara 13, a shari'ar da ƙyama ta yi wa katutu. Gwamnan jihar ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai, sai wasu suka fasa kurkuku a 1915 suka fito da shi suka rataye shi a bishiya, irin yadda ake yi wa baƙar fata a jihohin kudancin ƙasar a wancan lokaci. A shekarar shari'ar aka kafa ƙungiyar ADL mai yaƙi da ƙyamar Yahudawa, a shekarar ratayar kuma ƙungiyar Ku Klux Klan ta masu fifita farar fata ta farfaɗo a jihar. Yahudawan Amurka, waɗanda ba su wuce kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar da yawa ba, suka gane cewa igiyar da ke wuyan baƙar fata ita ce ke jiran nasu wuyan. Tun kafin haka ma za ki ga sunayensu cikin waɗanda suka kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, a 1909. Attajiri Julius Rosenwald ya haɗa hannu da Booker T. Washington, malami kuma jagoran baƙar fata, aka gina makarantu kusan 5,000 na 'ya'yan baƙar fata. A watan Yunin 1964 'yan Klan suka kashe samari uku a Misisipi saboda suna yi wa baƙar fata rajistar zaɓe: James Chaney baƙar fata ne, Andrew Goodman da Michael Schwerner Yahudawa. Sai bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu a ƙarƙashin wata madatsar ruwa ta ƙasa. Goodman shekararsa 20, kusan sa'an ɗanki. A nahiyarmu ma, cikin Yahudawan Afirka ta Kudu da suka yaƙi mulkin wariyar launin fata, Denis Goldberg ya yi shekara 22 a kurkuku bayan shari'ar da aka yi musu tare da Mandela, Ruth First kuma bam aka aika mata cikin wasiƙa ya kashe ta a Maputo a 1982. Wanda ya ba da ransa a kan abu, a ce wai ƙugiya yake ɗanawa?

Yanzu sai bidiyon yayanki, kuma ki yi haƙuri, a nan zan daɗe, domin wannan magana ta ishe ni. Babu zangon karatun da zai wuce ba a kawo min ita ba. Wani ɗalibina ya taɓa shigo min ofis da kwafin littafin na Larabci, fotokwafi mai duhu-duhu, an ɗaure da zare, ya ajiye a kan teburina da hannu biyu kamar ya kawo wasiyyar kakansa. Yaro ne mai ƙoƙari, mai addini. Na tambaye shi wa ya rubuta, a wace shekara, a wane gari aka yi taron da ake faɗa, su wane ne dattawan. Ko ɗaya bai iya amsawa ba. Bai san cewa littafin shi kansa bai amsa ba.

Wannan littafin, da ake kira Protocols na dattawan Sahayoniya, jabu ne, kuma an san inda aka sato shi. Ya fara fitowa a Rasha a 1903, a jaridar wani mutum mai suna Pavel Krushevan. Wannan mutumin shi ne wanda wata jaridarsa ta hura wutar kisan Yahudawa a garin Kishinev a watan Afrilun shekarar, inda aka kashe mutum 49. A 1905 Sergei Nilus ya sake buga shi cikin wani littafinsa. Bayan juyin juya halin 1917, Rashawan da suka gudu suka baza shi a Turai, har jaridar The Times ta Landan ta tambaya a 1920 ko dai gaskiya ne. Ita ce kuma ta tona asirin. A watan Agustan 1921 wakilinta na Istanbul, Philip Graves, ya sami wani tsohon littafin Faransanci ya jera shafukansa kusa da na Protocols, sai ga shi sakin layi bayan sakin layi an kwafo. Wancan littafin wani lauya Bafaranshe ne, Maurice Joly, ya rubuta shi a 1864 don caccakar Sarki Napoleon na Uku, har aka ɗaure shi wata 15 a kan haka. Babu maganar Yahudawa a cikinsa ko kaɗan. Dabarun danne jama'a da Joly ya zargi sarkin Faransa da su, sayen 'yan jarida, juya kotuna, ɗora wa ƙasa bashi, su aka kwashe aka cire sunan sarki aka liƙa wa Yahudawa.

Duk da haka bai mutu ba. Henry Ford, mai kamfanin mota, ya yi ta yaɗa shi a jaridarsa tun daga 1920, sai da aka kai shi kotu sannan ya nemi afuwa a bainar jama'a a 1927. Yahudawan Suwizalan suka kai masu raba shi ƙara a birnin Bern, kotu ta ce a 1935 jabu ne kuma sata ce. Masu bidiyo suna son cewa ai kotun sama ta soke hukuncin a 1937. Ta soke hukuncin da aka yi wa waɗanda ake ƙara ne saboda dokar da aka dogara da ita ba ta shafi irin wannan rubutu ba, ba ta taɓa cewa littafin gaskiya ne ba. 'Yan Nazi kuwa sun yi amfani da shi wajen shirya zukatan Jamusawa, ƙarshenta aka hallaka Yahudawa miliyan 6. Daga Turai aka fassara shi zuwa Larabci, daga Larabci ya iso mana. Ki duba wannan hanya da kyau: ƙaryar masu tsattsauran ra'ayi na Rasha ce, ta bi ta hannun Hitler, yau ga ta a bakin mutumin da ke sanye da rawani yana cewa wai yana faɗakar da al'umma. Abin da ke ci min rai ke nan. Mu da muka gaji ilimin isnadi, mu da malamanmu suka ƙi karɓar hadisi sai sun san wane ya ji daga wane, mu ne za mu karɓi takardar da ba ta da uba ba ta da kaka saboda kawai ta yi daidai da fushinmu?

Da na nuna wa ɗalibin nan shafukan biyu gefe da gefe, ya yi shiru, can ya ce: “To Malam, ko da jabu ne, ai abin da ke ciki yana faruwa.” Wannan ita ce amsar da nake ji kullum, kuma ita ce mafi haɗari. Tabbas yana faruwa. Masu mulki suna sayen jaridu, masu kuɗi suna juya 'yan siyasa, ana ɗaure ƙasashe da bashi. Joly ya ga haka a Faransa shekara 160 da suka wuce, muna gani a gidanmu, kuma masu yi mana mun san sunayensu, muna haɗuwa da su a ɗaurin aure. Aikin littafin shi ne ya ɗauke idonki daga wanda ya cuce ki ya mayar kan wasu mutane da ba ki taɓa gani ba. Kuma duk hujjar da aka kawo sai ya haɗiye ta. Bayahude ya yi mugunta, an ce ga shi nan. Ya yi alheri, an ce tarko ne. An tona jabun, an ce ai su ne suka mallaki jaridar. Maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta ba ilimi ba ce, waswasi ne.

Ga abin da masu tura bidiyon ba su sani ba, ko suka sani suka ɓoye. Wannan ƙarya a yau ɗanki take farauta. A watan Agustan 2017 masu fifita farar fata suka yi jerin gwano a Charlottesville da wuta a hannu suna ihun cewa Yahudawa ba za su maye gurbinsu ba. Abin da suke nufi shi ne wai Yahudawa ne ke shigo da Musulmi da baƙar fata don su shafe Turawa. Ran 27 ga Oktoban 2018 wani ya shiga wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh ya harbe mutum 11, bayan ya rubuta a intanet cewa HIAS tana kawo musu 'yan mamaya. Wato an kashe su ne saboda taimakon 'yan gudun hijira, waɗanda da yawansu Musulmi ne. Musulmin Amurka suka tara sama da dala 200,000 don iyalan mamatan. Bayan kusan wata biyar, ran 15 ga Maris 2019, wani mai irin wannan tsoron na maye gurbi ya kashe Musulmi 51 a masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar Juma'a, Yahudawan Pittsburgh su ma suka tara kuɗi suka aika. Ina da yaƙinin wanda ya fasa tagogin masallacin ɗanki da wanda ke zagin maƙwabtan da suka zo jaje daga rijiya ɗaya suke shan ruwa.

Maganar Gaza kuwa, ba zan ce ki rage ɓacin rai ba, ni ma ina da shi. Amma gwamnatin Isra'ila daban, Bayahuden unguwar ɗanki daban, ba a yi musu kuɗin goro. Ƙungiyar B'Tselem, da aka kafa a 1989, Yahudawan Isra'ila ne a gaba wajen rubuta zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa. A watan Oktoban 2023 'yan Jewish Voice for Peace, wata ƙungiyar Yahudawan Amurka, suka cika babbar tashar jirgin ƙasa ta New York suna neman a tsagaita wuta, aka kama ɗaruruwansu. Ba kuma ina cewa ƙungiyoyin nan waliyyai ba ne. ADL ta soki gina wata cibiyar Musulunci a New York a 2010, sai a 2021 shugabanta ya fito ya ce kuskure ne ya nemi afuwa, kuma har gobe ana zarginta, ciki har da daga bakin Yahudawa, da mayar da sukar Isra'ila ta zama ƙyamar Yahudawa. Wannan suka ce mai hujja, mai suna da kwanan wata, ana iya yin ta a gaban kowa. Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu kasa yin adalci. Ya ce a Hujurat in aka zo mana da labari mu bincika. Bai ce ban da labarin da ya shafi Yahudawa ba. Duk wanda ya danna tura wannan bidiyo ga mutum hamsin ya yi shaidar zur sau hamsin, kuma za a tambaye shi.

Don haka kada ki ce ya fita harkarsu. Ki tambaye shi sunan ƙungiyar, me suke yi a tarukan, ko limamin masallacinsu yana zuwa, kuma ki ci gaba da tambayarsa sallarsa kamar yadda kika saba. In akwai abin da zan so ki sa wa ido, takardunsa ne. A 2025 gwamnatin Amurka ta soke bizar ɗalibai baƙi da dama, ta tsare wasu, saboda zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu. Taron cikin ɗaki da aikin agaji babu laifi, amma kafin ya fita titi riƙe da kwali, ya je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarsu ya ji matsayinsa, ko ya tambayi lauyan nan da ya raka liman wajen 'yan sanda.