Amsa: Wace ce Michaela Coel, kuma ta ina ta fara?

'Yar'uwa kin tambaya ko wannan baƙar yarinyar da kika gani a fim ɗin Black Panther na biyu 'yar Amurka ce, a'a, Michaela Coel kenan, haifaffiyar Landan ce a 1987, iyayenta 'yan Ghana ne.

Ta dandamali ta fara ba talabijin ba. Ta yi makarantar wasan kwaikwayo ta Guildhall, ta gama a 2012, wasan da ta rubuta na kammala karatu, Chewing Gum Dreams, ita kaɗai take hawa dandamali ta yi shi, shi ne daga baya tashar talabijin ta E4 ta Birtaniya ta mayar da shi shirin barkwanci a 2015, ita ta rubuta ita ta fito, har ta ci lambobin yabo biyu na BAFTA (na harkar fim da talabijin a Birtaniya) a 2016.

Amma ni inda ta burge ni wallahi shi ne I May Destroy You na 2020. Labarin cin zarafin da aka yi mata ne da kanta ta gina shi a kai. Netflix sun yi mata tayin dala miliyan 1 amma ba za su bar mata ko ɗan kaso na haƙƙin mallaka ba, ta ce ta gode, ta kai shi BBC da HBO, ta rubuta, ta fito a ciki, tana cikin furodusoshi da daraktoci. A 2021 ta ci lambar yabon talabijin ta Amurka, Emmy, a rukunin rubutun gajeren shiri mai zango ɗaya (limited series), baƙar mace ta farko a wannan rukunin.

Sai dai fa shirin akwai abubuwa masu nauyi, kar ki kunna yara na ɗakin.