Shin mai kunya da tsoron jini za ta iya karatun jinya?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya da ke Birnin Kebbi, amma yarinya ce mai kunya da saurin kuka, kuma ta taɓa suma da ta ga jini. 'Yan'uwa suna cewa aikin asibiti sai mai taurin zuciya. Shin in bar ta ta tafi? Daga wani uba a Jega.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar ta ta tafi matuƙar ita ce ke son karatun, domin abubuwan da ka lissafa ba su ne ke raba ɗalibin da zai yi nasara da wanda zai gaza ba.

Suma saboda ganin jini ba ragwanci ba ne. Bugun zuciya ne ke raguwa farat ɗaya, ƙarfin gudun jini ya faɗi, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi ƙaranci na ɗan lokaci. Ɗalibai da yawa, har da maza, sukan gamu da wannan a ranar farko a ɗakin tiyata ko ɗakin haihuwa, kuma yakan wuce da sabo. Ta riƙa karya kumallo kafin fita aiki, idan kuma ta ji jiri ta zauna nan take, ta riƙa taurara naman cinyoyinta da na hannuwanta tana saki har jirin ya lafa.

Halin da ya fi muhimmanci shi ne riƙon amana da tsanaki a aiki, wato mutum ya yi abin da aka ɗora masa daidai, a kan lokaci, ko da ba mai kallonsa. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda ya bi ɗaliban likitanci a Beljiyam tsawon shekara bakwai na karatunsu, ya nuna cewa wannan hali yana hasashen sakamakon ɗalibi, kuma tasirinsa ƙaruwa yake yi yayin da karatu ke nisa. Binciken ya kuma nuna cewa sakin jiki da mutane bai taimaka ba a shekarun farko na aji, sai da ɗaliban suka fara hulɗa da marasa lafiya amfaninsa ya bayyana. Duk wanda ya yi aikin dare a asibiti ya san ma'anar wannan. Da ƙarfe biyu na dare, lokacin da sista, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ta tafi wani ɗaki, ɗaliba ce kaɗai ta san ko ta auna zafin jikin yaron da ke gado da gaske ko ta kwafi adadin da aka rubuta da yamma, kuma ita ce za ta duba suna a kati ta sake lissafa allurar bisa nauyin yaron kafin ta yi masa. Saboda haka ka duba yadda take riƙe abin da aka ba ta ajiya a gida, da ko tana faɗin gaskiya idan ta yi kuskure.

Kunya kuma iri biyu ce a wannan aiki. Akwai wadda ke sa mutum saurare da tausasa harshe, kuma tana da daraja ƙwarai a wurinmu, inda mace za ta taso daga ƙauye ta kasa faɗin abin da ke damunta a gaban surukarta, sai ta samu ma'aikaciya mai natsuwa da za ta ja labule ta tambaye ta a hankali. Akwai kuma wadda ke hana ɗaliba tambaya idan ba ta gane ba, ko ta hana ta gaya wa likita cewa maganin da aka rubuta ya yi yawa. Wannan ta biyun tana iya janyo asarar rai, kuma dole ta koyi ajiye ta, ko da wanda za ta yi wa maganar ya girme ta.

Game da taurin zuciya, ban yarda da 'yan'uwanka ba ko kaɗan. Binciken da Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka buga a 2009 a Amurka ya gano cewa tausayin ɗaliban likitanci yana raguwa a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara kula da marasa lafiya. Abin da nake tsoro ga ɗalibanmu ke nan: gajiya da cunkoso su mayar da su masu tsawa ga mace mai naƙuda. Abin da 'yarka ke buƙata shi ne ta iya riƙe hawayenta har ta gama aikin da ke gabanta, kuma wannan ana koyonsa a cikin shekarun horo.

Idan kukan ya kai ga hana ta barci ko cin abinci na makonni bayan ta fara zuwa asibiti, to ta sanar da malamanta da wuri domin a haɗa ta da likita.