Idon Magena Yana Kwantsa: Me Zan Saya, Me Zan Bari?

Da shigowar hunturu tambayoyi kan idon mage sun yawaita a wannan fili, kuma galibinsu maganar sayayya ce: wane magani, wace kyanwa, a yi allura ko a bari. Ga amsoshin waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan idon magena na dama yana zubar da ruwa, yanzu ya fara kwantsa, tana ta ƙanƙance shi. Na je kemis, mai shagon ya nuna mini magani iri biyu: na ɗigawa da ya ce yana kashe jan ido nan take, da man shafawa mai araha. Wanne zan saya? (Daga wata uwa a Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ɗigawar nan, don Allah kada ki biya kuɗinsa sai kin karanta kwalinsa. Sau da yawa maganin da ke kwantar da jan ido da sauri yana ɗauke da sinadarin sitiroyid. In kin ga an rubuta dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone, ki mayar masa da abinsa.

Ga dalili. Kyanwar da ke ƙanƙance ido zafi take ji, kuma cikin abubuwan da suka fi kawo wannan zafi akwai gyambo a kan tantanin nan mai haske da ya lulluɓe baƙin ido. Sitiroyid yana hana irin wannan gyambo warkewa, yana kuma raunana garkuwar idon. Sai ja ya kwanta, ki ɗauka sauƙi ya samu, alhali mikin yana ƙara zurfi, wani lokaci har idon ya fashe. Ƙaramin gyambo ba ya ganuwa da kallo kawai. Likitan dabbobi ne zai ɗiga wani rini a idon, in akwai miki wurin ya koma kore shar. Gwajin bai wuce 'yan mintoci ba, kuma a wurina shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗinki.

Shi ciwon idon mage ba abu ɗaya ke kawo shi ba, shi ya sa babu kwalba guda da ke maganin duka. Wanda ya fi yawa shi ne bairas ɗin murar kyanwa da likitoci ke kira FHV-1. Yakan zo da atishawa da majina, kuma kusan 80 cikin 100 na magunan da suka taɓa kamuwa suna ɗauke da shi har ƙarshen rayuwarsu. Yana kwance a jijiya, sai ya farka in mage ta shiga damuwa: an sauya gida, ta haihu, ko an kawo wata baƙuwar kyanwa. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa shi, sai dai ya tare cutar da ke hawa kansa. In ya tsananta akwai ƙwayar famsikilobiya mai yaƙar bairas, wadda likita kaɗai ke auna ta gwargwadon nauyin dabbar.

Na biyu bakteriyar kilamidiya ce. Ita takan fara da ido ɗaya, bayan 'yan kwanaki ta tsallaka ɗayan, jan naman cikin fatar ido ya kumbura. Maganinta doksisaikilin na sha, wajen mako 4 ba fashi, kuma duk magunan gidan ake bai wa. In an rubuta miki ƙwayar, kada ki tura mata ita a bushe. Ki bi ta da ruwa ko ɗan abinci, domin in ta maƙale takan ƙona maƙogwaro ya tsuke. Bayan waɗannan akwai abin da ba cuta ba ce: ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da ya shige ƙarƙashin fatar ido, yakushin muzuru, da hayaƙin turaren wuta ko maganin sauro a ɗakin da aka rufe.

To, in likita ya yi miki nisa a yau, man shafawar ya fi zama lafiya, da sharaɗin tetirasaikilin ne zalla, wanda aka rubuta na ido ne, a rufe, da lambar NAFDAC, kuma wa'adinsa bai wuce ba. Ki tafasa ruwa rabin lita da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce. Ki goge kwantsar da auduga daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da tasa audugar, sannan ki matsa man kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikin fatar ido ta ƙasa, sau 3 zuwa 4 a rana, ba tare da bakin bututun ya taɓa idon ba. In kwana 2 suka wuce babu sauƙi, a kai ta asibiti. Amma in ta rufe idon ruf, ko ya yi fari kamar hakiya, ko akwai jini, ko ta daina cin abinci, ba a jiran ko kwana ɗaya. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, akwai kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonki: kada tausayi ya sa ki ba ta farasitamol don zafi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta.

Tambaya: Na ga wata 'yar kyanwar Farisa a Instagram ina so in saya wa iyalina. A bidiyon idanunta na hawaye, mai sayarwar ya ce haka jinsinsu yake. Gaskiya ne? (Daga wani magidanci a Abuja)

Amsa: Malam, da gaskiya a maganarsa, amma ba duka ba. Kyanwar Farisa mai shafaffiyar fuska hanyar da hawaye ke bi ya sauka hanci a murɗe take, don haka ruwa yakan gangaro ya bar jan zane a gefen hanci. Wannan hawayen garau yake, idon a buɗe tar, babu ja. Kwantsa mai kauri, ruwan ɗorawa ko kore, atishawa, ƙanƙance ido, ko wani farin tantani da ya taso daga kusurwar ido, duk ba halitta ba ne, ciwo ne. Wuraren da ake tara maguna da yawa don sayarwa nan ne murar kyanwa ta fi yaɗuwa.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da kanka da rana, ka ga uwar da sauran 'yan'uwan, ka nemi katin rigakafi mai sa hannun likita, kuma kada ka karɓi wadda ba ta kai mako 8 ba. In ya ƙi ka zo, ka haƙura da ita. Ka kuma sani wannan jinsi yana bukatar gogar fuska kullum, kuma ya fi magen gida saurin samun gyambon ido da naɗewar fatar ido zuwa ciki. In babu mai wannan hidima a gidan, ka zaɓi mai ɗan tsawon hanci, ko magenmu ta gida. Wadda ka kawo, ka ware ta ɗaki daban mako 2 kafin ta haɗu da wasu.

Tambaya: Magenmu ta haifi 'ya'ya huɗu, yau kwana tara. Ɗaya idonsa bai buɗe ba, ya kumbura suntum. Kakata ta ce a sa masa kwalli. (Daga wata ɗaliba a Zinder)

Amsa: Ƙanwata, ki ba Kaka haƙuri. Kwalli na gargajiya yakan ƙunshi dalma, gari ne mai kartar ido, uwar kuma za ta lashe shi. Haka ruwan albasa, ruwan sukari da nono, duk a bar su. 'Ya'yan mage sukan buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 14. Kumburi kafin buɗewa yana nufin mugunya ta taru a ciki, kuma in ta daɗe takan lalata idon ko ta manne fatar da ƙwayar ido. Ki riƙa gasa wurin a hankali da auduga da ruwa mai ɗumi, kada ki ɓanɓare da ƙarfi, ki kai shi wurin likita yau ko gobe ya buɗe ya wanke. Ki lura yana shan nono, domin ɗan kyanwar da hancinsa ya toshe yakan daina tsotso ya galabaita da wuri.

Tambaya: An ce in yi wa magena rigakafi, wani kuma ya tallata mini garin laisin (lysine, wani sinadari da ake zubawa a abinci) wai yana hana ciwon ido. Kuɗina na ɗaya ne kawai. (Daga wani matashi a Kaduna)

Amsa: Allurar, ɗan'uwa. Binciken da aka yi kan laisin bai nuna yana hana cutar ba. Allurar nan mai haɗe uku tana kare kyanwa daga FHV-1, da bairas ɗin kalisi mai sa gyambon baki, da wata muguwar cutar gudawa mai kashe ƙanana. Ana farawa a mako 8 zuwa 9, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4. Ba ta hana kamuwa da mura ɗungurungum, amma tana rage tsananinta sosai. Ka yi ta a asibitin da ke da firji mai aiki, domin ruwan allurar da ya sha zafi ya tashi aiki.

Tambaya: Yarana za su iya ɗaukar apolo daga mage? (Daga wata uwa a Jos)

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Bairas ɗin murar kyanwa ba ya kama mutum, kilamidiyarta kuma da wuya ƙwarai ta tsallako. Wanke hannu da sabulu bayan sa magani ya wadatar. Sauran magunan gidan su ne abin ji: ki raba musu kwano da shimfiɗa. Wajen wanke kwanukan kada ki yi amfani da Dettol ko Izal, guba ne ga kyanwa. Ki sa bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 32, ki ɗauraye sosai, ki shanya a rana kafin ki zuba abinci.