Tambaya da Amsa: Wace Tsirkiya Ta Dace da Ukulele a Yanayin Jos?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke Rikkos, nan cikin Jos, kuma da ukulele, ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, nake koya wa yara waƙoƙin aji. Tsirkiyar ƙasa, wadda ta fi sauran siriri, ta tsinke, sauran ukun kuma muryarsu ta dushe. Na je wani shagon kayan kiɗa ban samu ta ukulele ba, sai mai shagon ya ce in sa wayar jita, wai duk ɗaya ne. Da na duba intanet kuma sai na ga nailan, fulorokabon da Nylgut, na rasa wadda zan ɗauka. Shin in sa wayar jitar? Kuma guda ɗaya zan sauya ko duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da abin da zai iya jawo miki asara: kada ki sa wa ukulele wayar ƙarfe, ko da kyauta aka ba ki. Wayoyi shida na jitar ƙarfe suna jan jikinta da ƙarfin da ya kai kusan kilo 70, shi ya sa ake yi mata katako mai kauri, a kuma saka sandar ƙarfe a cikin wuyanta. Tsirkiyoyin ukulele huɗu kuwa, a haɗe, ba su cika wuce kilo 25 ba, kuma a kan wannan nauyin aka ƙera ta. Fuskarta siririn katako ce, jakin da ake ɗaure tsirkiya a jikinsa da gam aka manna shi, yawancin ukulele kuma ba su da sandar ƙarfe a cikin wuya. Idan aka ɗaura mata waya, jakin zai iya ɓanɓarewa, ko fuskar ta kumburo, ko wuyan ya lanƙwashe, kuma gyaran kowane ɗaya daga cikinsu ya fi kuɗin tsirkiya nesa ba kusa ba. Maganar mai shagon tana da gaskiya a wuri ɗaya kawai, wato idan tsirkiyar nailan ta jitar gargajiyar Sifaniya yake nufi. Wannan tana zama a kan ukulele mai matsakaicin girma, domin kaurinsu kusan ɗaya ne: ta farko ta jitar, wato mafi siriri, ta zama A, ta biyu ta zama E, ta uku ta zama C, a samo wata ta farkon kuma ta zama G (haruffan nan sunayen muryoyin da ake saita tsirkiyoyin a kai ne). Dabara ce ta ranar da aka rasa ta ainihi.

Kafin ki sayi komai, ki auna ukulelenki. Ki ɗauki awon tela, ki auna daga ɗan farin abin nan mai tsagi huɗu da ke bakin wuya zuwa ɗan farin ƙashin da ke kan jaki, wato iyakar tsawon da tsirkiya ke kaɗawa. Idan kin samu kusan santimita 33, taki sofarano ce. Idan 38 ne, konsat ce. Idan 43, tena ce. Idan kuma ya kai 48 zuwa 51, bariton ce. Wannan sunan za ki nema a jikin fakiti. Kamfanoni da dama suna haɗa sofarano da konsat a fakiti ɗaya, kuma babu laifi a hakan. Ukun farko ana saita su a G, C, E, A, amma bariton D, G, B, E ake saita ta, irin tsirkiyoyi huɗu na ƙasa a jita, don haka fakitinta ba ya aiki a kan sauran. 

Sai batun abin da aka yi tsirkiyar da shi, kuma a nan ne zaɓin yake. Lokacin da 'yan ci-rani daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal suka isa Hawayi a 1879 da ƙananan kayan kiɗansu, waɗanda daga cikinsu ukulele ta samo asali, da hanjin dabba ake yin tsirkiya. Nailan bai maye gurbin hanji a kayan kiɗa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau shi ne mafi arha, yana da taushi a yatsa, muryarsa kuma a lafe take, ba ta da kaifi. Aibinsa biyu ne: yana daɗewa yana miƙewa kafin ya zauna, kuma yana shan danshin iska. Fulorokabon, wanda shi ma wani nau'in roba ne, ya fi nailan nauyi sosai, domin dunƙulen nailan mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da nauyin kusan giram 1.1, na fulorokabon kuwa kusan 1.8. Muryar tsirkiya ta dogara ne ga tsawonta, da taurin ɗaurinta, da nauyinta, saboda haka abin da ya fi nauyi yana ba da murya iri ɗaya ba tare da ya yi kauri ba. Wannan ne dalilin da ya sa tsirkiyar C ta nailan takan kai milimita ɗaya, ta fulorokabon kuwa takan tsaya wajen 0.75. Muryarsa tana fita tas, tana kuma daɗewa tana amo, sannan kusan ba ya shan ruwa. Nylgut kuma na kamfanin Aquila ne na ƙasar Italiya, wanda ya haɗa shi don ya yi daidai da hanji a nauyi da murya ba tare da saurin lalacewar hanji ba. Fari ne fat kamar madara, yana da ƙara, kuma shi ne ake yawan samu a kan sababbin ukulele masu sauƙin kuɗi, domin yana ɗaga muryar katakon da ba shi da amo sosai.

Da a Legas ko Fatakwal kike, inda danshi ba ya nisa da gari duk shekara, da na ce ki ɗauki duk wadda kunnenki ya so. Jos daban take. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina tana jiƙa shi daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan hunturu ya zo da busasshiyar iska da sanyin asuba mai shiga ƙashi, rana kuma ta buɗe da hantsi. Nailan da ke shan danshi yana sakewa, saitinsa zai riƙa bin wannan sauyin. Malamar da ke da yara cike da aji ba ta da lokacin tsayawa tana murɗa kunnuwan saita tsirkiya a tsakiyar darasi, shi ya sa shawarata gare ki ita ce fulorokabon, daidai girman ukulelenki. Martin, D'Addario da Worth duk suna yin sa, kuma na Worth yana zuwa da tsawon da ake yankawa biyu ya ba da sauyi biyu, abin da ke da amfani ga wanda sai ya yi odar kaya daga nesa. Abu ɗaya zan faɗa a kansa: da yake siriri ne, ya fi nailan cin yatsa a kwanakin farko. Idan yaran ne za su riƙa dannawa da kansu, Nylgut ya fi musu sauƙi, kuma ba zan ce kin yi kuskure ba idan shi kika ɗauka.

Ki sauya huɗun gaba ɗaya. Sabuwa ɗaya a cikin tsofaffi uku da suka dushe za ta riƙa fita daban, kuma da wuya a samu guda ɗaya ana sayarwa. Amma ki cire ɗaya, ki ɗaura sabuwarta, sannan ki matsa zuwa ta gaba, domin a yawancin ukulele ɗan ƙashin kan jaki ba a manne yake ba, tsirkiyoyin ne ke danne shi, kuma idan ya faɗo aka mayar da shi a juye saiti yakan ɓaci. Kafin ki kwance, ki ɗauki hoton yadda aka ɗaure tsohuwar da wayarki, saboda wani jakin ƙulli ake yi a maƙale a tsagi, wani kuma zagayawa ake yi a murɗa. Fulorokabon yana da santsi, don haka ki ƙara masa zagaye ɗaya ko ki ninka ƙullin. Ki kuma duba inda tsohuwar ta tsinke. Idan a kan ƙashin jaki ne, ko a tsagin wuya, ko a ramin kunne, akwai kaifi a wurin, kuma sabuwar ma zai cinye ta idan ba a goge shi da lallausan sanfefa ba.

Bayan haka sai haƙuri. Sabuwar tsirkiya takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana saukowa, musamman nailan, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. Ki riƙa saita ta sau da yawa a rana da manhajar saiti ta waya, A tana kan 440, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa ɗaya, kuma kada ki fizge ta da ƙarfi don ta yi saurin zama, domin hakan yana sa wani sashe ya fi wani siriri. Idan kuma a watan Disamba ko Janairu kika ji tsirkiya tana zuza a kan ƙarafan wuya, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan, ko kika ji bakin ƙarafan suna kartar hannu, katakon ne ya bushe ya tsuke. Sayen sabon fakiti ba ya maganin wannan. Ki ajiye ta a cikin jakarta, tare da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huhhuda, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mazaunin Farin Gada, ina da tena. Ina jin ana maganar G ta sama da G ta ƙasa. Mene ne bambancinsu, kuma zan iya sauyawa da kaina?

Amsa: A saitin da aka saba, tsirkiyar G, wadda ke sama idan ka rungumi ukulele, muryarta ta fi ta C da ta E tsayi, tana kan 392. Wannan tsarin da ya saɓa wa jerin jita shi ne ke ba ukulele sautinta mai walwala. G ta ƙasa rabin wannan ce daidai, wato 196, kuma tana ƙara maka matakai biyar a ƙasan C, abin da mai kaɗa karin waƙa ɗaya bayan ɗaya yake buƙata. Yadda kake ɗora yatsu ba ya canzawa ko kaɗan. Amma ba za ka sassauta G ɗinka ta yanzu ta sauko can ba, domin za ta saki ta rasa murya. Dole ka sayi tsirkiyar da aka yi don haka.

Iri biyu ce. Akwai wadda aka naɗe da siririn ƙarfe a kan zaren nailan, wadda ba ta cikin wayar da na hana Malama, tunda cikinta ba ƙarfe ba ne. Ba ta da kauri sosai, tana shiga tsagi cikin sauƙi, sai dai tana ƙara idan yatsa ya zame a kanta, takan rinjayi sauran ukun, kuma ita ce ke fara lalacewa domin gumi da ƙarafan wuya suna cin naɗin. Tsirkiya ta huɗu ta jitar nailan, wato D, tana yin wannan aikin a kan tena. Akwai kuma marar naɗi, ta fulorokabon mai kauri ko jar nan ta Aquila, wadda muryarta ta fi jituwa da 'yan uwanta, amma mai yiwuwa sai an ɗan faɗaɗa tsagin wuya kafin ta zauna. Wannan aikin ka bar wa mai gyaran jita, domin tsagin da aka zurfafa fiye da kima ba ya komawa. A kan tena G ta ƙasa tana da daɗi. A kan sofarano ba na ba da shawararta, saboda gajartar wuyan tana sa ta yi sako-sako.

Tambaya: Gaskiya ne ana iya sa igiyar fatsa? Mai karatu daga Bukur.

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma ba abin kunya ba ne a garin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Fulorokabon ma a matsayin igiyar kamun kifi ya fara fitowa, daga kamfanin Kureha na Japan a 1971, kafin masu kayan kiɗa su ɗauke shi. Sharaɗin shi ne ka bi kauri, ba kilon kifin da aka rubuta igiyar za ta iya ja ba, domin wannan lissafin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ga sofarano ko konsat, idan fulorokabon ne na gaske, ka nemi wajen milimita 0.52 don A, 0.66 don E, 0.74 don C, da 0.57 don G ta sama. Yawancin igiyar da ake sayarwa a kasuwa nailan ce, kuma a wannan kaurin za ta yi sako-sako, sai ka ƙara kauri. Gwajin da zai nuna maka ingancinta shi ne ka kaɗa ta a sake, sannan ka danna a gaɓa ta 12, wato a bayan ƙarfe na 12 na wuya: ya kamata manhajar ta nuna harafi ɗaya a duka biyun. Idan ta kauce sosai a tsirkiya ɗaya kawai, kaurin igiyar bai daidaita ba, sai ka yanko wani sashe. Ga mai ukulele ɗaya, sayen naɗi huɗu masu kauri daban-daban zai iya fin fakiti tsada. Ga makarantar da ke da guda goma ko ashirin, naɗi huɗun za su yi mata sauyi da yawa.