Amsa: Me ya sa zanen fentin mai yake tsagewa?

Malam, ka ce zanenka ya tsattsage bayan ya bushe. Yawanci daga jerin shafe matsalar take. Fentin mai ba ya ƙafewa irin na ruwa. Iskar oksijin yake sha ya sandare a hankali, mai kauri kan kai wata 6 zuwa 12. In shafen sama ya riga na ƙasa bushewa, na ƙasan na motsi, sai na saman ya dare.

Shafen farko ka tsinka shi da tarfentin (ruwan tsinka fenti), ya yi siriri. Kowane shafe na gaba ka ɗan ƙara masa man linsid (man da ake kwaɓa fentin mai da shi), don kada ya riga na ƙasa bushewa. Ƙyallen da za a yi zanen a kai kuma a fara shafa masa jeso (farin shafen share fage) sau 2 ko 3, in ba haka ba mai zai ci zaren. Banish kuwa, wato shafen ƙarshe mai kare zane, sai bayan wata 6.